Yadda Za Ka Ji Gaskiyar Muryarka a Damagaram Kafin Ka Miƙa Makullin Shago

Kai da ka haɗa abokanka biyu ko uku, kuka samo ganga da fiyano da bafal, wato lasifika, mai tari, kuka ɗinka anko, yanzu kuma kake neman ɗan Adam guda da zai dube ka ido cikin ido ya ce kun iya ko ba ku iya ba, ja kujera ka zauna. Ni ne Ɗan Azumi mai hayar kujeru. Shekara goma sha tara ina jera kujeru a bukukuwan Damagaram, daga unguwar Birni har ta Kara-Kara, kuma babu makaɗin da ya tashi ko ya faɗi a garin nan ba a kan idona ba. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, za ka ji gaskiya. Ban ce za ka ji daɗinta ba.

An gwada dabarun nan a kan mutum guda, kuma yana nan da ransa. Sunansa Tanimu, tela ne a Kara-Kara, a shagon da marigayi mahaifinsa ya yi shekara talatin yana taka keke. Shi ya kafa ƙungiyar kiɗa da abokansa biyu, Sallau mai ganga da Mahamud mai fiyano, wanda kuma ke kula da akwatin sauti. Tanimu ke tsara waƙoƙi, shi ke tsayawa a gaba da mikoro. Wata takwas suna wasa jama'a na tafi, har ya yanke shawarar mayar wa mai shagon, Alhaji Umaru, makullinsa a ƙarshen wata, ya hau mota zuwa Yamai ya zama mawaƙi. Wani mai sayar da cajar salula har ya zo ya auna ƙofar shagon da igiya. In makullin nan ya bar hannun Tanimu, ya bari ke nan.

Abu ɗaya ya hana shi sukuni. Tela ya san mutanensa. Ya sha ganin mutum ya sa riga a gabansa, ya juya, ya ce "Ta yi, wallahi ta yi," sannan ya fita ya kai wa wani telan gyara. To in haka ake yi wa riga, yaya ake yi wa waƙa? Shi ya sa ya shiga neman mutum ɗaya tak da zai faɗa masa gaskiya kafin wata ya mutu.

Mataki na 1: Fara da mahaifiyarka, don ka san abin da ba za ka samu ba

Je ka durƙusa a gabanta ka tambaye ta. Ba don za ta faɗa maka ba, sai don ka huta da wannan ƙofar.

Tanimu ya zo duniya bayan 'yan mata uku, saboda haka a wurin Inna Hauwa ko atishawa ya yi, hikima ce. Ya same ta tana tsince wake, ya ce, "Inna, kin ji waƙarmu a bikin gidan Nana. Don Allah, tsakaninki da Allah, yaya kika ji muryata?"

Ta ce, "Rigar nan da ka sa ta karɓe ka."

"Muryar fa, Inna?"

"Ka ci abinci kuwa? Na ga ka faɗa."

Ya tashi da kwanon dambu a hannu. Kai ma da shi za ka tashi, kada ka ƙi karɓa.

Mataki na 2: Koyi karatun bakin 'yan kallo

Mutanenmu ba sa cewa abu ba shi da daɗi. Kara ba ta barin su. Amma suna da matakala, kuma dole ka haddace ta.

In aka ce maka "Sannunku da aiki," an ga gumi ne, ba a ji waƙa ba. In aka ce "Kun yi ƙoƙari," an ji waƙar, an kuma yafe muku. In kuwa mutum ya riƙe hannunka da hannu biyu, ya sunkuyar da kai, ya ce "Allah ya ƙara basira," to ka amsa da amin ka fara naɗe wayoyi, ta'aziyya aka yi maka.

Tanimu ya san wannan matakala sarai, shi kansa ya sha ɗora wasu a kanta. Abin da ya rikita shi, su ba a taɓa faɗa musu ko ɗaya ba. Mata kan yi guɗa, maza kan girgiza kai su ce, "Kai, wannan murya daga ina take fitowa?" Tanimu ya ɗaga yatsa sama ya ce, "Daga Allah." Sallau kuma ya shiga gyaran igiyar gangar da babu abin da ya same ta.

Mataki na 3: Kada ka tambayi abokan kiɗanka

Su ne suka fi kowa sani, su ne kuma suka fi kowa sonka, kuma waɗannan biyun ba sa zama a baki ɗaya.

Bari in ba ka labarin da Tanimu bai sani ba a lokacin. Ranar gwajinsu na farko a zauren gidan su Mahamud, Tanimu ya rufe ido, don shi ba ya waƙa sai ido rufe, ya ja numfashi ya saki murya. Kajin gidan suka haye katanga. Hannun Mahamud, ba tare da ya yi shawara da mai shi ba, ya zare wayar mikoron Tanimu daga akwati, ya ƙara wa ta Sallau sauti, wanda ke bin waƙar daga bayan ganga a matsayin ɗan amshi. Sallau kuwa Allah ya ba shi maƙogwaro, sai dai kunya ta hana kowa sani.

Tanimu ya ji wata murya mai sanyi tana fitowa daga bafal, tana faɗin kalmominsa daidai inda yake faɗinsu. Ya buɗe ido, fuskarsa cike da murna, ya ce, "Kai! Ashe haka nake a bafal?"

Sallau ya buɗe baki zai yi magana. Sai ya dubi mutumin da ya taɓa ajiye ɗinkin Sallah na jama'a ya ɗinka wa mahaifin Sallau likkafani da hannunsa. Ya ce, "Haka kake."

Tun daga ranar, wayar Tanimu takan fito daga mikoro, ta bi ƙasa, ta zagaya bayan akwati, ta ƙare a ɗaure a ƙafar kujera. Kujerata ce, shi ya sa na sani. Gwano ba ya jin warin jikinsa, balle gwanon da ganga ke dukan ƙeyarsa.

Mataki na 4: Dubi kujeru

Wannan ilmina ne, ba a koyar da shi a lakwal, wato makarantar boko. Baki na ƙarya, kujera ba ta yi. Bayan an watse, kada ka bari a kwashe, zagaya ka duba. Kujerar da ta yi sanyi, mai ita ya gudu tun a waƙa ta biyu. Wadda ƙafafunta na baya suka nutse cikin rairayi, barci aka yi a kanta. Wadda ta faɗi ta gaba, an tashi rawa ne.

Kujerun wasan su Tanimu duk ta gaba suke faɗuwa. Amma waɗanda suka rage a tsaye, sai ka tarar sun karkata hagu, wajen da Sallau ke zama. Kunnen mutane ya gane, ya ja gindinsu, su ba su ma sani ba. Tanimu da kansa ya lura, ya tambaye ni, "Baba Ɗan Azumi, me ya sa kujerun nan suke kallon can?"

Na ce masa ƙasar wurin ce ba ta daidaita ba. Kada ka dube ni haka. Ni ne ma nake ja da sahun gaba baya taku goma, don kada wani abu ya zubo wa na kusa a kunne.

Mataki na 5: Kada ka yarda da salula

Ka tura waƙar a zauren abokai, kowa zai aiko maka da hoton babban yatsa, har wanda ya tura maka kafin waƙar ta gama sauka. Wuce.

Mataki na 6: Tafi inda ba a san babanka ba

Baƙo ba shi da dalilin yi maka kara, in ji masu tunani. Su Tanimu suka ɗora kaya a mota ranar kasuwa suka nufi Dakusa, suka kafa bafal kusa da masu gyaɗa, suka yi waƙa huɗu. Kasuwa ta tsaya cak, har mai jaki ya sauka.

Da suka gama, Tanimu ya zaɓi tsohon da ya fi kowa ɗaure fuska, ya durƙusa ya ce, "Baba, ba ka san ni ba, ban san ka ba. Faɗa min gaskiya."

Tsohon, wanda tun farko yake zaune a gefe inda yake ganin bakin Sallau, ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Yaro, kai ma kana da amfaninka. Duk waƙar nan da aka yi, ban ga ka rufe baki ba ko sau ɗaya."

Tanimu ya dawo mota yana cewa, "Kun ji? Ya ce numfashina ba ya yankewa." Tsohon kuwa ya ja Mahamud gefe ya ce a kai na gaban nan a duba masa haƙori, ciwo ne ba ya son faɗa. Ka ga ke nan ko baƙo ya faɗa maka gaskiya, sai ya naɗe ta a ganye, kai kuma ganyen za ka ci.

Mataki na 7: Nemi taubashinka

Yanzu muka zo wurin. A duk faɗin ƙasar nan, mutum ɗaya al'ada ta ba lasisin zaginka a bainar jama'a ba tare da an ce masa kanzil ba, shi ne taubashinka. Ɗan kawunka ko ɗan gwaggonka zai iya ce maka komai, kai kuma ba ka da ikon fushi.

Tanimu yana da Lubabatu, 'yar kawunsa, mai sayar da alkaki. Tun suna rarrafe ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Bawana" take ce masa, in ranar ta yi mata daɗi kuma "Kan-tulu." Ya je ya same ta tana jera alkaki a faranti, ya ce, "Lubabatu, yau ba wasa na zo ba. Zan bar shagon Baba saboda waƙa. Yaya muryata?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Bawana, muryarka ƙofar langa-langa ce da iska ke kaɗawa. Tun kana goye nake faɗa maka. Ranar da ka yi kiran salla a makarantar allo, ba limamin ya ce a sake ba?"

Tanimu ya kwashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ke dai ba kya canzawa," ya ɗauki alkaki biyu ya tafi zuciyarsa fes.

Ga matsalar. Taubashi zai zage ka in ka iya, zai zage ka in ba ka iya ba. Lubabatu takan ce ɗinkinsa kamar na makaho, alhali ba ta kai atamfarta wurin kowa sai shi. An ce da wasa ake faɗa wa wawa magana, amma ba a faɗa mana yadda wawan zai gane ranar da maganar ta zama ta gaske ba. Shekara ashirin da bakwai tana faɗa masa gaskiya tsirara, shi yana ɗauka zumunci ne.

Mataki na 8: Cire waya tsakaninka da jama'a

Asabar ta ƙarshen wata, bayan la'asar, Tanimu ya shirya wasan bankwana a ƙofar shagon. Na jera kujeru tamanin. Alhaji Umaru na zaune a sahun gaba yana jiran makulli, mai caja na bayansa da igiyarsa a aljihu.

Tanimu ya ji ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, sai ya yi dabara: yau zai shiga cikin jama'a yana waƙa, ya ga fuskokinsu kusa da kusa. Mikoro mai waya ba ya kaiwa can. Don haka ya aro na Nasiru mai tallar maganin basir, marar waya, mai bafal ɗinsa na rataye da ke aiki da batir.

Da Mahamud ya ga abin, sai ya matsa kusa da ganga. Ya raɗa wa Sallau, "Wannan ba shi da abin zarewa."

Sallau ya ce, "To ka ƙure namu, ya danne nasa."

Suka fara. Mahamud ya murɗa komai har ƙarshe, amma ana jin wani abu yana kutsowa ta ƙarƙashin waƙar, mutane sun fara waige-waige. Cikin ruɗewa ya ɗaga kai ya ce, "Ya Allah, ka ɗauke kuran, a watse!"

Ka san Damagaram, wannan addu'ar ba ta daɗewa a hanya. Wuta ta ɗauke nan take. Fiyano ya mutu, manyan bafal suka mutu, mikoron Sallau ya mutu, hannun Sallau ya daskare a kan ganga. Abin da Mahamud ya manta shi ne batir ba ruwansa da kuran. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Muryar Tanimu ta fita ita kaɗai, ido rufe don sabo ya fi ƙarfin niyya, ta cika Kara-Kara. Ba zan kwatanta maka ita ba, zan dai ce Lubabatu ba ta ƙara ko gishiri ba. Wata akuya da ke ɗaure ta tsinke igiya. Jariri a bayan uwarsa ya daina kuka don ya ji wanda ya fi shi.

Tanimu ya tsaya, ya bubbuga mikoro, ya ce, "Nasiru, bafal ɗin nan naka ya lalace."

Nasiru, wanda bai san komai ba, ya ce, "A'a, sabon batir na sa da safe. Yadda ka faɗa haka yake fitarwa."

Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Daga baya wani ya ce, "Sannunku da aiki." Wata ta ce, "Kun yi ƙoƙari." Tanimu ya ji an ɗora shi a matakalar da ya sani, amma har yanzu yana da mafaka ɗaya. Ya shiga neman Lubabatu da ido. In ta miƙe ta ce "Kan-tulu, ka kashe mu," to duniya na nan yadda take, bafal ne ya lalace.

Lubabatu ta miƙe. Ta ajiye farantinta, ta gyara mayafi, ta tako har gabansa ta ɗan russuna. Idonta ya kawo ruwa, don tausayinsa ya kama ta, abin da bai taɓa faruwa ba. Ta ce, "Sannu, Malam Tanimu. Allah ya ƙara basira."

Ya ce, "Amin," da ƙyar.

Rubuta wannan ka ajiye, shi ne duk darasin. Zagin taubashi ba ya gaya maka komai. Ranar da ya girmama ka, ranar ka ji gaskiya.

Mataki na 9: Bi zaren har ƙarshensa

Tanimu bai yi ihu ba. Ya miƙa wa Nasiru kayansa, ya ɗauki tsohon mikoronsa, ya bi wayar da hannu yadda yake bin zare in ya sarƙe a keke. Ta bi ƙasa, ta zagaya akwati, ta kai shi ƙafar kujera. Ya tsuguna yana kallon ƙullin, ya ce, "Ɗaurin ma ba na kirki ba." Mahamud ya rufe fuska da hula.

Ya ce, "Sallau."

"Na'am."

"Wata takwas?"

"Wata takwas. Ka yafe min, na kasa ne."

"Tashi ka zo gaba. Ɗauko ta keken Baba, daga farko."

Babu wuta, babu mikoro. Sallau ya tsaya a gaba, ya ɗauko waƙar da Tanimu ya tsara wa keken ɗinkin mahaifinsa, wadda take cewa ƙafar da ta taka shi ta kwanta amma ɗinkinta na yawo a jikin mutane. Tanimu ya zauna a kujerar da wayarsa ke ɗaure, karo na farko ya saurari waƙarsa ido buɗe. Ya ga Inna Hauwa tana share hawaye da gefen zane, ya ga dattawan da suka sa rigunan babansa sun sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi, ga kuma baƙin cikin muryar da ya yi wata takwas yana ƙauna ashe ba tasa ba ce. Amma kalmomin da suka sa mutane kuka nasa ne, wannan kam babu wanda ya ɗaure shi a ƙafar kujera.

Da aka gama, Alhaji Umaru ya miƙo hannu ya ce, "To, Tanimu, makullin?"

Tanimu ya fito da shi, ya jujjuya, ya mayar aljihu. Ya ce, "Alhaji, akwai ɗinkin mutane da ban gama ba."

Alhaji ya ce, "Madalla," ya karkaɗe riga. Mai caja ya tafi auna wata ƙofar.

Mataki na 10: Jira zagi

Kada ka zaci ka warke ranar da ka ji gaskiya. Kwana uku Lubabatu na wucewa ta ƙofar shagon tana cewa, "Ina kwana, Malam Tanimu, an tashi lafiya?" Duk gaisuwa ɗaya sai ya ji kamar ya tsire yatsa da allura. Har ya kai ga ce mata, "Don girman Allah, ki zage ni." Ta ce, "Wane ni," ta wuce.

Rana ta huɗu ta shigo ba sallama, ta jefa masa atamfa a kan keke. Ta ce, "Bawana, riga da zane, ranar Alhamis. In ka yi wa wuyan nan abin da ka yi wa kunnen unguwa, sai na sayar da kai a kasuwar Dole, kuma na san ba za a taya ba."

Tanimu ya kifa kai a kan keke yana dariya, hawaye na ɗiga a kan atamfar. Ta ce kuma ya jiƙa mata kaya, Kan-tulu kawai.

Yanzu Sallau ke tsayawa a gaba, Tanimu na tsara waƙoƙi a shago yana taka keke, ranar wasa kuma a ba shi caki ya riƙa kaɗawa a gefe. Lubabatu ta ce ko cakin ba ya tafiya da ganga. Har yau babu wanda ya san ko da gaske take, shi kuma ya daina tambaya.

Wanke hannu

Ni Ɗan Azumi ban aike ka ba. In ka bi matakan nan akuyar maƙwabci ta tsinke, ko taubashinka ya fara gaishe ka da ladabi, ko ka gano wayarka a ƙafar kujera, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Kujerar da ta karye kuwa, wannan maganar daban ce, za mu yi ta.

In kuma duk wannan ya yi maka tsawo, ka ce bari ka zo kawai ka rera min in faɗa maka ra'ayina, bismilla. Zan saurare ka har ƙarshe, in ja sahun gaba baya taku goma, in riƙe hannunka da hannu biyu. Allah ya ƙara basira.